Fuska na fita baƙi ƙirin idan an sa farar shadda: yaya zan gyara kafin mu je Shere da Assop?

Ɗan Gangare: Assalamu alaikum. Ina da kyamarar Canon 2000D da lensi biyu, 18-55mm da 50mm f/1.8. A hutun Disamba za mu hau duwatsun Shere da ke kusa da Jos, mu kuma leƙa duwatsun Riyom da ruwa mai gangarowa na Assop da iyali. Matsalata biyu: idan mutum ya sa farar shadda fuskarsa duhu take fitowa, sama kuma fara fat ba shuɗi. Ruwa mai gangarowa kuma ina so ya fito lallausa kamar auduga. Masana ku taimaka.

Mai Hoto Taminus: Wa'alaikumussalam ɗan'uwa. Kyamararka lafiyarta ƙalau, shaddar ce ke yaudararta. Idan ta ga fari ya cika hoto sai ta ɗauka haske ya yi yawa, ta rage, fuskar da dama ta fi rigar duhu sai ta nutse. Ka juya maɓallin saman kyamara zuwa Av, wato inda kai ke zaɓar buɗin lensi (lambar f), ka ƙara haske da +2/3 ko +1, ka ɗauka, ka duba bayan kyamara. Idan aikin zaren da ke wuyan riga ya ɓace, ka wuce gona da iri, ka sauko kaɗan.

Amma maganin gaskiya lokaci ne. Daga ƙarfe 11 zuwa 3 rana na tsakiyar kai, idanu sai su zama ramuka biyu, goshi da hanci na ƙyalli. Ka ɗauki mutane kafin 8:30 na safe, ko daga 4:30 zuwa faɗuwar rana. Ka sa ranar a bayansu, ɗan gefe kaɗan, sannan wani ya riƙe farin kwali irin na 'yan makaranta a daidai ƙirji, taku biyu daga wanda ake ɗauka, ya karkata shi har ka ga haske ya shiga idon. Kada a yi da takarda mai ƙyalli, tana sa mutum ya runtse ido, tana kuma fito da maiƙon fuska.

Lensin 50mm shi ne na fuska. Mutum ɗaya f/2.2 ko f/2.8 (ƙaramar lamba, babban buɗi), saurin shota, wato tsawon lokacin da kyamara ke buɗewa haske ya shiga, kada ya gaza 1/250 na daƙiƙa, ISO, wato ƙarfin jin hasken kyamara, 100 zuwa 400, ka sa ɗigon saiti a kan idon da ya fi kusa da kai. f/1.8 na da daɗi a ido, amma motsi kaɗan sai ka tarar hanci ya fito ido bai fito ba. In sun kai huɗu ko biyar ka koma f/5.6, su tsaya layi ɗaya.

Hajiya Mai Kyamara: Malam ya faɗi gaskiya, sai dai wasu za su ce maka ka auna haske a kan fuska kawai. A yi hattara. Kyamarar nan tana da awon haske na tsakiyar hoto, wanda aka rubuta Partial, amma idan ka auna a kan fata mai duhu sosai za ta buɗe fiye da kima, fuskar ta yi toka-toka, shaddar ta ƙone, wato ta yi fari fat ba a ganin komai a jikinta. Abin da ya ƙone ba ya dawowa, duhu kuwa ana iya ɗaga shi. Don haka ka ɗauka a RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba, ka tsare rigar, fuskar ka ɗaga ta a kwamfuta. Idan dole ne da tsakar rana, ka ɗaga filashin kan kyamara: ISO 100, 1/200, f/11, ka rage ƙarfinsa da 1, ka tsaya bai fi mita biyu ba, don bayan nan ba ya kaiwa.

Batun sama kuwa, Disamba hunturu ne, ƙura ce a sama, babu filtar da za ta dawo maka da shuɗin damina. Ka rage sama a hoton, ka cika shi da dutse da ciyawa. Hazon ma da amfaninsa: daga saman Shere tsaunuka na jeruwa hawa-hawa, na kusa da duhu, na nesa a dishe. Ka ɗauke su a 55mm, f/8. A Riyom ka sa mutum a gindin duwatsun, shi zai nuna girmansu.

Ɗan Gangare: Na gode ƙwarai Malam, na gode Hajiya. Ruwan Assop fa?

Mai Hoto Taminus: Wannan sai da maɗori mai ƙafa uku, hannu ba ya iyawa. ISO 100, f/11 zuwa f/16, shota 1/4 ko rabin daƙiƙa, ka sa ƙirgen daƙiƙa 2 don kada dannawa ta girgiza kyamara. Da rana tsaka hoton zai yi fari ko a f/22, sai da filta mai rage haske, ND64, mai faɗin 58mm ita ke shiga bakin 18-55 ɗinka. In babu, ka isa da sassafe tun rana ba ta sauka kan ruwan ba. Ka sani ruwan ya fi cika a Agusta da Satumba, amma a lokacin duwatsun santsi gare su, a riƙe yara.

Baba Mai Gyara: Yaro, ƙura ita ce abokiyar gabarka. Kada ka canza lensi a fili. Ka shiga mota, ka kashe kyamara, bakinta na kallon ƙasa. Ɗigo-ɗigon da ke fitowa a sama a f/16 ƙurar ciki ce. Ka hure gilashi da robar hura iska kafin ka goge, in ka fara da ƙyalle yashi ne kake gogawa. Sanyin asubar Jos na shanye batir, ka sa na biyu a aljihun ciki. Shingen jami'an tsaro da bariki kada ka nuna musu kyamara, mai sana'a a bakin hanya kuma ka yi masa sallama ka nemi izini tukuna.