"Zuwa da kai ya fi aike": ko a rikicin gado ma?

Ɗan Kwari: Jama'a a raba mu. Jiya mun yi cacar baki da yayana kan gonar gadon da kawunmu ya riƙe. Na ce a tura dattijo, shi ya dage wai zuwa da kai ya fi aike. In an je aka tashi baram-baram fa?

Malam na Tudu: Yayanka ya fi ka gaskiya. A watan Agustan 1942, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, Firaministan Ingila Churchill ya bi ta Alƙahira da Tehran har Mosko, don kawai ya gaya wa Stalin, shugaban Tarayyar Sobiyet, baki da baki cewa a shekarar ba za su kutsa Faransa, wadda Jamus ta mamaye, su rage wa Rasha nauyin Hitila ba. Stalin ya zazzage masa kwandon masifa, har da gorin wai sojan Ingila tsoron Jamusawa suke yi. Amma a daren ƙarshe, a gidan Stalin ɗin suka ci abinci tare har dare ya raba. Wasiƙa za ta yi wannan?

Bamaraɗe: Malam, sabo da kaza ba ya hana yanka. A Kasablanka ta Maroko a 1943 an sa De Gaulle da Giraud, janar-janar biyu na Faransa masu hamayya da juna, sun yi musafaha gaban masu hoto. Kafin shekarar ta ƙare De Gaulle ya ture shi gefe.

Jikar Inna: Kun tuna mini da kakata, Allah Ya jiƙan ta. An ɗauki kakanmu soja, aka kai su yaƙin Bama. Sau uku tana aikawa bariki a tambayo mata labarinsa, ɗan aiken ya ci goron ya dawo da "sun ce a yi haƙuri". Ran nan ta goya babana, ta ƙulle gumba a bakin zane, ta hau jirgin ƙasa. Kwana uku tana zaune bakin ƙofar bariki, kurata na korar ta tana komawa gindin wata bedi. Sai da wani saje ya gaji da ganin ta ya shiga ya duba takarda, ya ce mata yana raye. Har ta tsufa, in an kawo karin maganar nan sai ta taɓe baki ta ce manyan Turawa taro suke zuwa da kansu, wajen harsashi kuwa aike suka yi.

Bamaraɗe: Inna ta kashe bakin kowa!

Mai Shayi: Namu manyan ai sun riƙe karin maganar. Da kansu suke zuwa, shekara huɗu-huɗu, da taliya da atamfa.

Malam na Tudu: Asibitin Landan ma ba sa aikawa.

Hajiyar Sabon Gari: Ni fa "ya fi saƙo" na taso ina ji, ba "aike" ba.

Mai Shayi: Hajiya, saƙo ai yanzu na banki muka sani, shi kuwa ya fi zuwa da kai nesa ba kusa ba.

Ɗan Kwari: To ni gonar fa?

Jikar Inna: Kawun naku yana da sanda?