Sojan igwa da aka girke a Freetown, yana cikin mazan jiya ko gadi ya yi?

Sani Gwammaja: Jama'a, raina a ɓace yake. Jiya a wajen ɗaurin aure wani ya ce wai kakana ba ya cikin mazan jiya, gadi kawai ya yi. Mutumin nan sojan igwa ne a Yaƙin Duniya na Biyu, cikin masu harbo jiragen sama da Turawan Ingila suka girke a Freetown ta Saliyo a 1941. Nan ne ayarin jiragen ruwa ke taruwa, ga kuma Gini a maƙwabta tana hannun Faransawan Vichy masu bin Jamus. Sai mutum ya je ƙasar Bama (Myanmar ta yanzu) za a ce ya yi yaƙi?

Ɗan Zariya: Allah ya jiƙan tsoho. Amma tsakani da Allah, wanda aka ajiye ya tsare tashar ruwa me ya yi in ba gadi ba? Namu kakan yana runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma, a kwarin Kaladan na ƙasar Bama, da kaya a ka cikin daji.

Hajiya Binta: Kai yaro, iya bakinka. Mai gadi shi ne mai tocila da kulki a ƙofar gida.

Ɗan Zariya: Hajiya, ni ban zagi kowa ba. Gadi ai sana'a ce.

Musa Tela: To da me mai gadi ya gaza? Babana da gadi ya aurar da mu duka. Ku da kuke ƙyamar kalmar ku ne masu raini.

Hajiya Binta: Musa, ba da mahaifinka nake ba.

Musa Tela: Da shi kike, kin ce tocila da kulki.

Malam Habu: Ku tsaya. Wasu daga cikin sojojin igwan nan na Afirka ta Yamma ai an kwashe su zuwa Indiya a 1943, suka tsare filayen jirgin sama a Assam, inda ake tashi da kaya zuwa Sin. In babu su jiragen Japan su yi ɓarna son ransu.

Ɗan Zariya: Ka ga, can ma gadi. Malam, nuna mini barikin da aka sa wa suna Freetown. Mu muna da barikin Chindit a Zariya, ga Myohaung da Arakan a Legas, duk sunaye ne daga yaƙin Bama.

Alhaji Tanko Kumasi: Kullum sai ku yi kamar Najeriya kaɗai ta yi yaƙin nan. A Takoradi ta Ghana aka riƙa harhaɗa jiragen saman da ke bi ta Kano da Maiduguri zuwa Masar. Wa ya tsare Takoradi?

Issoufou Maraɗi: Duk wahalar banza ce, yaƙin Turawa ne.

Ɗan Zariya: Kai ka yi shiru, lokacin ai kuna ɓangaren Vichy.

Issoufou Maraɗi: Mu aka tambaya? Gwamnan Bature ne ya zaɓa. Ku wa ya tambaye ku kafin a zuba ku a jirgin ruwa?

Sani Gwammaja: Ni fa tambayata kan kakana ce.

Musa Tela: Sai Hajiya ta janye maganar kulki tukuna.

Hajiya Binta: Ba zan janye ba, ɗana. Ka sha ruwa.

Malam Habu (shugaban zaure): Na rufe zancen nan. Abin da aka cimma shi ne sojan igwa cikakken soja ne, kuma kowa ya gamsu da bayanin Assam da na kawo. Ɗan Zariya bai zo da hujja ba sai sunayen bariki. Batun Musa da Hajiya su ƙarasa ta waya. Wanda ya sake rubuta kalmar gadi a nan zan cire shi.

Ɗan Zariya: Wa ya gamsu?