Neman shawara: maiɗakina 'yar Saudiyya ce, ni da yara fasfon Najeriya gare mu, ina za mu je hutu?

Baban Amira: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina aiki a Jidda da igama, wato takardar izinin zama, fasfona na Najeriya ne. Maiɗakina Bahaushiyar Makka ce, tana da jinsiyyar ƙasar nan, haka ma mahaifiyarta. Yaranmu biyu kuwa ni suka biyo a takarda. Idan an yi dogon hutun makaranta muna so mu fita mu sha iska na kamar kwana goma, har da Hajiya surukata. Yayyen maiɗakin sun je Turkiyya da Jojiya, sun dawo suna cewa ba biza ba komai, tikiti kawai za ka yanka. Maiɗakin yanzu ta ƙwallafa rai a kan Tarabzon, wani gari a Turkiyya. Shin wannan sauƙin ya shafe ni da yara, tunda tare za mu tafi? In bai shafe mu ba, ina ya fi dacewa?

Ɗan Rusaifa: Wa alaikumus salam. Baban Amira, kada ka yanki tikiti tukuna. Surukanka ba ƙarya suka yi ba, amma kansu suke ba ka labari. Tun Disamban 2023 Turkiyya ta ɗage wa 'yan Saudiyya biza, suna iya zama kwana 90 a cikin kowane kwana 180. Jojiya ma har shekara guda suke iya yi. Sai dai jami'in filin jirgi ba ruwansa da takardar aure, fasfon da ka miƙa masa shi yake dubawa. Madam da Hajiya za su wuce, kai da yara sai da bizar Turkiyya a jikin fasfo. Kafin ma ku isa can, a kantar kamfanin jirgi nan Jidda za a tsayar da ku. Saboda haka ka fara lissafi daga fasfonka, ba daga nata ba. Turkiyya na da ƙaramin ofishin jakadanci a Jidda, ka nemi biza da wuri, don lokacin hutu layi ke tsawo. Takardar aure da kwafin hawiyyar Madam, wato katinta na shaidar ɗan ƙasa, su shiga cikin takardun da za ka kai.

Abu Sadik: Ku je Jojiya kawai. Mai igamar Saudiyya ba ya buƙatar biza, ni da kaina na shiga da ita.

Maman Walid: Abu Sadik, wace shekara ka je? Da haka ne, amma a 2025 sun gyara dokar. Sun ware ƙasashe 17, Najeriya na ciki, da Ghana da Kamaru da Sudan. Ɗan waɗannan ƙasashe da zai shiga da igamar ƙasashen Khalij, wato ƙasashen Larabawa na yankin Gulf, dole ranar da ya sauka ya zama saura aƙalla shekara guda cif igamar ta ƙare. To mu da akasari shekara-shekara ake sabunta mana, ina za mu samo cikakkiyar shekara? Sai dai wanda aka sabunta masa tun kafin tsohuwar ta ƙare. Kuma ba kai kaɗai ba, Baban Amira, kowane yaro da tasa igamar za a duba. Wata maƙwabciyata ta biya otal a Batumi ta Jojiya na mako guda, irin wanda ba a mayar da kuɗi, sai a wajen auna kaya aka ce mijinta ba zai hau ba. Da akwatunansu suka koma gida, yara na kuka. Ka buɗe Absher, manhajar gwamnatin Saudiyya, ka duba kwanan watan kowa kafin ka ƙara wata magana.

Abu Sadik: Kafin nan ne na je. Allah Ya saka da alheri, Maman Walid.

Baban Amira: Na duba. Tawa saura wata bakwai, ta yaran saura wata tara. Jojiya ta fita ke nan.

Malam na Sharafiyya: Ni abin da zan ja hankalinka a kai shi ne fita daga nan ɗin ma, don mutane kan shagala da bizar can su manta da ta gida. Kai da yara kuna buƙatar huruj wa auda, wato bizar fita da dawowa. Ta tafiya ɗaya riyal 200 ce na wata biyu, kowane ƙarin wata riyal 100. Wanda igamarka ke ƙarƙashinsa shi zai fitar maka, in kamfani ne ta shafin Muqeem na kamfanoni, in Madam ce ta Absher ɗinta. Idan akwai tarar hanya a kanka ba za ta fito ba sai ka biya, don haka ka duba tun yanzu, kyamarorin hanya na Saher ba sa barci.

Su kuma masu jinsiyya, Jawazat, hukumar fasfo ta Saudiyya, na son fasfo ya zama saura wata shida ko fiye idan ba ƙasar Larabawa za a je ba, wata uku idan ƙasar Larabawa ce. Ka karɓi fasfon Hajiya ka duba da idonka. Tsofaffinmu sukan adana shi a ƙasan akwati, su ce ai sabo ne, alhali tun wata tafiya ta shekarun baya aka yi shi. Madam da Hajiya ba sa buƙatar izinin kowa, tun 2019 mace mai shekara 21 zuwa sama tana fitar da fasfonta ta yi tafiyarta. Amma in za ku ɗauki wata ƙanwarta da ba ta kai 21 ba, sai waliyyinta ya ba da izini a Absher.

Ummu Hanan: Yaya, ni da za ka ji tawa, ku bar Turkiyya sai baɗi ku tafi Salala ta ƙasar Oman. Abin da matarka ke nema a Tarabzon ai kore ne da sanyi da yayyafi, kuma daga ƙarshen Yuni zuwa Satumba Salala haka take, lokacin da suke kira kharif. Hazo kan sauko har kan titi, ka ga raƙuma na kiwo a cikin ciyawa shar, ga 'yan rumfunan kwakwa da ayaba a bakin hanya. Oman ƙasar Khalij ce, Madam da Hajiya ko da hawiyya kaɗai za su shiga. Kai da yara kuma akwai bizar masu igamar Khalij, ana cikewa ta intanet a shafin 'yan sandan Oman. Ga Larabci, ga abinci ba sai an tsaya tambayar halal ba, ga masallaci ko'ina. Ga tsohuwa wannan ba ƙaramin abu ba ne. Matsalarsa ɗaya, a watan Agusta gidajen haya tsada suke kamar me, don duk Khalij can suke kwarara. Ku kama tun da wuri.

Ɗan Rusaifa: Salala ta yi, amma in kuɗi sun yarda akwai Maldibs. Su a filin jirgi suke ba masu yawon buɗe ido izinin kwana 30 kyauta, ɗan Saudiyya da ɗan Najeriya duk ɗaya, muddin akwai tikitin komawa da shaidar otal, kuma an cike fom ɗin IMUGA cikin sa'o'i 96 kafin sauka. Maleshiya kuwa kada a ruɗe ka da ita: su kwana 90 ba biza, ku sai da biza.

Ummu Hanan: Maldibs da surukuwa? Haba Ɗan Rusaifa. Kwalekwale daga wannan tsibiri zuwa wancan, ita kuma da ciwon gwiwa watakila. Wannan ai ta amarya da ango ce.

Alhaji Direba: Ni dai ina mamakinku. Ga Abha, ga Baha, ga Ɗa'if nan kusa, ba huruj ba biza, mota kawai za ka tayar. Kuma in fita ce dole, yaushe rabon yaran nan da su ga kakanninsu na gida? Sai dai ka sani, a wannan tafiyar juyawa abin zai yi: kai da yara ku wuce, Madam da Hajiya su ne za su nemi bizar Najeriya.

Baban Amira: Alhaji, maganar gida tana nan, mun sa ta ƙarshen shekara. Na gode muku duka, Allah Ya bar zumunci. Na karanta wa maiɗakin amsoshinku, ta ce ta yarda da Salala bana, da sharaɗin in fara haɗa takardun Turkiyya tun yanzu saboda baɗi. Fasfon Hajiya kuwa, Malam, saura wata huɗu. Ummu Hanan, jirgi kuka bi ko mota? Kuma akwai asibiti kusa, saboda tana shan maganin suga?

Ummu Hanan: Jirgi, Yaya. Mota daga Jidda tafiya ce mai nisan gaske, tsohuwa ba za ta jure ba. Ku hayi mota a can, amma in hazo ya sauko a hanyar dutse ka rage gudu sosai. Akwai babban asibitin Sultan Qaboos a cikin gari. Maganinta ta riƙe shi a jakar hannu tare da takardar likita, kada ya shiga akwatin kaya, kuma ku yi wa kowa inshorar tafiya. Fasfon nan ma ku sabunta mata shi a Absher tun yanzu, tunda akwai Najeriya a gaba.