Musayar Waƙa: Wai Rediyonmu Zai Sake Riga

Ɗan Mabera:
Salamu alaikum jama'a. Tun daga teburin mai shayi na bakin Kasuwar Kara har bakin 'yan kabu-kabu, zance ɗaya ake yi: wai gidan rediyon nan namu na FM zai sauya tsarin shirye-shiryensa da kamawar sabon wata. Takarda dai babu wanda ya gani. Na buɗe da ƙwar biyu, wato baiti mai layi biyu, amsa-amo "ya", kowa ya ɗora nasa.

Bismillahi da shi nika buɗe baki,
Sarkin da ya shimfiɗa duniya.

Jita-jita ta game birnin Shehu,
Wai rediyonmu tsari zai sauya.

Wasu sun ce kiɗa za a sa dare da rana,
Na samarin zamani, ba tarbiyya.

Wasu sun ce Turanci za ya rinjaya,
Tsoho ya kasa kunne ya sha wuya.

Wasu sun ce attajiri ne ya saye,
Talla kaɗai daga isha har safiya.

Ni tambaya nika yi, ban yanke ba,
Wa ke da gaskiya, wa ke ƙarya?

Direban Illela:
Ɗan Mabera, ga mai shayi kaj jiya,
Kaɗ ɗauko zance ba ka ko juya.

Kai da batirin rediyonka yam mutu
Tun azumin bara, kana jiran a siya.

Ni aka tambaya, ni ka ji kullum,
Sakkwato har Illela ina bisa hanya.

Na wuce Kware, na wuce Gwadabawa,
Gab da iyaka sannan ta rage murya.

In ta shaƙe, 'yan Ƙwanni su amshe,
Su ma Hausa suka yi, ba kunya.

Ɗan Mabera:
Direba, tashar da kake zargi lafiyarta lau,
Waya ka ɗaura a mota a madadin eriya.

Motar da sai an tura take tashi,
Ita za ta ba mu labarin gaskiya?

Direban Illela:
Ɗan Mabera, bar zancen motata,
Ita ka kai buhunan albasar babanka har cikin kasuwa.

Inna 'Yar Goronyo:
Ɗiyana, ku bar hwaɗan mota. Ni ba mawaƙiya ba ta, amma ga nawa, jikata ka rubuta min.

Ku da ad da waya kuna ta dariya,
Mu rediyo muka riƙa a zuciya.

Shekaran da anka yanke layin waya,
Ɗiya na birni, uwa na ƙauye ba hanya.

Rasuwar ƙanena a rediyo nij ji ta,
Anka kira sunanai bayan sallar sahiya.

Yaro ya ɓace, akuya ta ɓace,
Sanarwa ɗai ka maido su lahiya.

In za su sake, su sake kiɗansu,
Sanarwa dai kar su kai ta baya.

Ɗan Mabera:
Allah ya jiƙan ƙanenki, Inna. Wanda bai sani ba: a watan Satumba na 2021 ne aka toshe layukan waya a ƙananan hukumomi 14 daga cikin 23 na jihar nan saboda 'yan bindiga, kuma Goronyo na ciki. Waɗannan baitoci sun fi duk abin da ni da Direba muka rubuta.

Direban Illela:
Sun hi naka dai. Inna, jinjina. Gabashin Sakkwato ba a taɓa kai mu ƙasa ba ga magana.

Ɗan Mabera:
Yaushe Illela ta koma gabas? Ko don Inna ta ci, ka canza mahaifa?

Tsohon Ma'aikaci:
Ku yi mini uzuri in fara da zube, waƙar ta biyo baya. Na yi aiki a wani gidan rediyo shekaru, ba wannan ba. Abin da mai sauraro ba ya gani shi ne na'urar watsa shiri ba ta san haƙuri ba. Wuta ta ɗauke, janareto ya tashi, kuma dizal yake sha, ga na'urar sanyaya ɗaki da dole ta yi aiki a zafin Sakkwato ko kayan su ƙone. Ga kuɗin lasisi na NBC, hukumar da ke kula da gidajen rediyo da talabijin, wadda aka kafa a 1992, lokacin da aka buɗe wa 'yan kasuwa ƙofar mallakar tasha. Ku tuna a watan Agusta na 2022 hukumar ta sanar da soke lasisin tashoshi 52 saboda bashi, kafin daga baya ta sassauta. Saboda haka idan manaja ya ce "sabon tsari", ku fassara: wane minti talatin ne ke kawo kuɗi, wane ne ba ya kawowa. Sanarwar rasuwa 'yan canji take kawowa. Mai maganin gargajiya da ɗan siyasa su ne ke biyan wata guda gaba ɗaya.

Ba kiɗa ne zai kori sanarwa ba,
Mai maganin basir ne ke da dukiya.

Ya sayi rabin awa, ya sayi awa,
Ya lissafo cuta ɗari, maganinta ɗaya.

Sojan baka ya biyo da nasa ƙunshi,
Ya zagi na jiya, gobe shi ma ya juya.

'Yar Dundaye:
Baba Tsohon Ma'aikaci, mun gode da haske. Amma iyayena, a bar mu mu ma mu ce wani abu. Kowa na kukan tsofaffi, mu fa?

Ku ce samari ba su jin rediyo,
Me kuka ajiye musu ban da gajiya?

Na kunna da safe, gaisuwar hakimai,
Na kunna da yamma, ita ce ba ta sauya.

Ba shirin neman aiki, ba na karatu,
Ba likita mace da za a kira a waya.

BBC Hausa tun 1957 take magana,
Yau tana Facebook, ba ta ji kunya.

Tsohuwa ta bi zamani ta rayu,
Mu namu na tsoron ya taka hanya.

Bakanon Gawon Nama:
Yarinya ta faɗi gaskiya, Allah ya yi miki albarka. Shekarata nawa ina kasuwanci a garin nan, rediyonku barci yake sa ni.

Ku zo Kano ku ga yadda ake rediyo,
Ku bar kuka, Sakkwatawa, ku koya.

Tun 2003 muke da Freedom,
Talaka ya kira, gwamna ya ji murya.

Direban Illela:
Bakano, mun ba ka rumhwa, mun ba ka ruwa,
Yanzu kuma kai ka koya muna tahiya?

Tutar da kakanka yab bi daga nan ta hito,
Ka tambayi manya su ba ka tarihin jiya.

Ɗan Mabera:
Yau kam ina bayan Direba, da motarsa da eriyarsa. "Jiya" ma ta shiga amsa-amo, Allah ya ƙara basira.

Bakanon Gawon Nama:
Ana zancen rediyo kun koma jihadi. Kullum haka kuke in an kama ku.

Malamin Aruli:
Na daɗe ina karantawa ina haƙuri, haƙurin ya ƙare. Direba, koma ga baitinka na albasa. Ɗango na farko gaɓa 10 ne, na biyu gaɓa 19. An ce amsa-amo "ya", kai ka sauka a kan "wa". Wannan ba zihafi ba ne, ba illa ba ce, irin sauye-sauyen da aruli, ilimin awon waƙa, ya yarda da su; haɗari ne. Ɗan Mabera kuma kada ka yi dariya: na ɗora buɗewarka a kan karuruwan waƙar Larabci 15 na Halilu ɗan Ahmad, na ƙara da Mutadarik da Ahfash ya cike na 16 da shi, ba ta zauna a kan ko ɗaya ba. 'Yar Dundaye ta cusa shekara da lambobi a tsakiyar ɗango, ban san yadda za a rera ta ba. Inna kaɗai na ɗaga wa ƙafa. Ga Mutadarik, ku ƙirga:

Waƙa tilas sai an auna,
In babu awo, to tai ƙarya.

Kai mai mota, rage kayanka,
Ɗango ya faɗi a kan hanya.

Direban Illela:
Allah gahwarta Malam, lodi sana'ata ta. In gaɓa 19 ta isa lahiya, ba ni sauke ko ɗaya.

Ɗan Mabera:
Allah gafarta Malam, da girmanka, amma ba mu yarda ba. Narambaɗa kotso ne ma'auninsa. Jankiɗi da taushi ya yi wa fadar Sarkin Musulmi waƙa. Ɗan Anace kalangu ya bi ya wasa 'yan dambe. Wane ne a cikinsu ya zauna yana yanka gaɓa?

Malam na ƙirga gaɓa da yatsa,
Makaɗi na ƙirga tasa a zuciya.

In Halilu ya zo filin dambe,
Kalangu zai bi, ko ya koma baya.

Malamin Aruli:
To ai ka kashe kanka da bakinka. Su suna da kotso da kalangu, kai ina gangarka? Da yatsa kake latsa waya. Wanda ya rubuta, rubutacciya ya yi, hukuncin rubutacciya ya hau kansa. Kuma a wane gari kake wannan magana? Garin da Nana Asma'u ta rubuta waƙa da Larabci da Fillanci da Hausa, ana ba jajis, matan da ke yawon koyarwa, suna kai wa mata ƙauye-ƙauye. Da ba ta da awo, da ba ta haddatu ba.

'Yar Dundaye:
Malam, a aji ma mun ji wannan gardama, malamai ba su gama ta ba. Wasu na cewa Hausa na da karinta tun kafin aruli ya zo. A ƙyale mu da lambobinmu.

Bakanon Gawon Nama:
Baitina fa, Malam? Ba ka ce komai ba.

Malamin Aruli:
13 da 11. Shirun da na yi maka sutura ce.

Tsohon Ma'aikaci:
Tunda an ambaci makaɗa, ga abin da ya fi damuna, kuma babu wanda ya taɓo shi. Tsofaffin gidajen rediyo na da ɗakin ajiya, faifai da kaset jere a kan kanta, wasu an naɗe su ne a gaban makaɗin yana raye. Na taɓa buɗe wani kwali na tarar zafi ya manne zaren, sunan da aka rubuta da biro a jiki ya goge, na'urar da za ta juya shi ma ta mutu. Duk tashar da ta koma kwamfuta ba ta kwashe waɗannan ba, ranar gyaran ofis ake fitar da su waje.

Ku bar faɗan gaɓa ku tambayi manaja,
Kaset ɗin kakanni, wa zai ajiya?

Malamin Aruli:
Magana mai kyau. Amma "ajiya" suna ne, aikatau kake nema, "ajiye". Ka murɗe nahawu don amsa-amo.

Tsohon Ma'aikaci:
Innalillahi.

Inna 'Yar Goronyo:
Jikata ta tahi biki, sai yau tad dawo tak karanta min. Mi kuka yi haka? Na bar ku ga sanarwa, na iske ku ga ƙidaya. Shin an sake tsarin ko ba a sake ba?

Direban Illela:
Inna, jiya ina Kware nij ji sun ce,
"Ku biyo mu, akwai albishir nan gaba kaɗan," sannan sunka sa tallan taliya.

Malam, kar ka wahal da yatsunka, na san ta yi lodi. Amma ta sauka ga "ya".