Wai Rage of Bahamut labari ne ko tallar gem?

Sadiq: Ni fa har gobe ina kan bakana, duk anime (katun na Japan) ɗin da kamfanin gem ya zuba wa kuɗi talla ce kawai aka ja mata tsayi. Wannan Rage of Bahamut: Genesis da kuke ta yabo, ai Cygames ce ta sa aka yi shi a 2014 don a ja mutane zuwa gem ɗinta na kati a waya. To ina abin musu?

Nafisa: Yaya Sadiq tsakani da Allah ka kalla kuwa ko a bakin mutane ka ji? Kashi 12 ne fa, kuma babu inda za ka ga an zaro kati ko an ce je ka sauke gem. Labarin Favaro ne mai farautar masu laifi don a biya shi lada, ya cika baki a mashaya wai ya san hanyar wani wuri mai suna Helheim, wata yarinya Amira ta ji ta maƙale masa don tana neman mahaifiyarta, ta ma dasa masa wutsiyar aljanu don kar ya gudu, ga Kaisar a bayansa yana ganin a dalilin su Favaro gidansu na jarumai ya rushe. Wace talla ce ke sa mutum ya kwana yana tausayin Amira?

Sadiq: Irin wadda ta ƙware mana ƙanwata. Na kalla. Jeanne d'Arc da Azazel da shi kansa dodon Bahamut daga ina aka ɗauko su? Daga katunan gem ɗin. Ka ga Azazel ya burge ka, gobe ka je kana neman katinsa.

Bello: Ku tsaya, idan da wannan ma'aunin za mu bi to kusan babu anime da zai tsira. A Japan yawanci kamfanoni ne ke haɗa kwamiti su zuba jari, mai buga manga (littattafan labarin zane) yana son littafi ya shiga, mai kayan wasan yara yana son nasa su shiga, mai waƙa haka. Pokémon da muka taso muna kallo fa? Gem ya fito 1996, katun ya biyo baya 1997. Wa ya taɓa ce wa ƙuruciyarsa talla?

Sadiq: Pokémon na farko sau ɗaya ka saya ka gama Malam Bello. Wannan gacha ne, ka biya kuɗi ka ja kati ba ka san me zai fito ba, sai ka sake biya. Wannan ai caca ce, shi ya sa abin ke min ciwo wlh. Hukumar kare masu saye ta Japan ma a 2012 sai da ta haramta wani nau'insa, kompu gacha, wanda sai ka tara jerin katuna kaf kafin a ba ka babba. Da wannan kuɗin aka zana muku yaƙin da kuke yabo.

Nafisa: Maganar caca kam ban ja da kai ba, ni ma ba zan so ƙanina ya saba da ita ba. Amma kana haɗa abu biyu. Inda kuɗi ya fito daban, abin da MAPPA, kamfanin da ya zana anime ɗin, da darakta Keiichi Sato suka yi da shi daban. An sakar musu mara sun rubuta sabon labari, kuma aikin ya nuna, dubi tseren dawakin nan na kashin farko kawai.

Bello: Ƙari a kan haka, an rufe gem ɗin na Turanci tun 2016, amma a 2017 aka fito da ci gaban anime ɗin, Virgin Soul, kashi 24 da sabuwar jaruma Nina a gaba. Wanda yake wajen Japan a lokacin me za a tallata masa?

Sadiq: Shadowverse mana! Wani gem ɗin kati ne, 2016 ya fito, Cygames ɗin ce dai, da zanen katunan Bahamut a ciki. Kuma ku duba anime ɗin Granblue Fantasy na 2017, shi ma daga gem ɗin Cygames, faifansa an haɗa shi da lambobin karɓar kaya a cikin gem, da yawa lambar suka saya ba fim ba.

Nafisa: Granblue na bar maka shi, ya bi labarin gem sau da ƙafa, in ba ka buga ba sai ka ji kamar baƙo a gidan biki. To amma kai ka ce DUK. Tunda har kai da kanka kana iya bambance Granblue da Bahamut, ashe ba duk ɗaya ba ne.

Sadiq: Na yarda ɗaya ya fi ɗaya kyau. Niyyar mai kuɗin ce ban yarda ta canza ba.

Bello: To Nafisa ke da kika gama duka biyun, kin taɓa jin sha'awar buga gem ɗin?

Nafisa: Bahamut a'a. Amma gaskiya na sauke Shadowverse bayan na gama Virgin Soul, ban dai sa ko sisi ba.

Sadiq: To kin ji. Ke ba ki sa ba, yaron da ke riƙe da katin ATM na babansa fa?