Afejiyeta da laburaren kayan goge: kiɗan yana fita kamar na inji, ina gyaran?

Mai_Kunne:
Assalamu alaikum masana. Ina haɗa kiɗan da zai bi bayan hoto, mai gudun bugu 120 a minti. Na ɗora biyolin na laburaren okestira (tarin sautukan kayan kiɗa da aka naɗa) a cikin manhajar Kontakt, na sa afejiyeta, abin da ke buga notocin kod ɗaya bayan ɗaya, a gabansa yana watsa kod ɗin (notocin da ake dannawa tare) a kan 1/16, wato notoci huɗu a kowane bugu. Matsaloli uku ne. Sautin yana fita kamar keken ɗinki, babu hawa babu sauka. Yana kuma makara, ganga tana gaba shi yana biye. Na ukun shi ya fi ɗaure mini kai: wasu notoci ba sa fita sam, wani lokaci kuma salon bugun ya canza da kansa. Laburaren ne ba shi da kyau, ko saitin nawa ne?

Injiniya_Sauti:
Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kafin komai, duba wane salon bugu ka ɗora. Idan legato ne (notoci a haɗe, ba yankewa) ko dogon ja, nan ciwon yake. A gudun 120, kowace nota ta 1/16 milisakan 125 kawai take samu, shi kuwa dogon ja a hankali yake buɗewa, kafin ya kai ƙarfinsa nota ta gaba ta iso. Legato ya fi muni, domin an naɗi zamewar yatsa daga nota zuwa nota, kuma a laburaren Cinematic Studio Strings, alal misali, mafi jinkirin zamewar tana cin kusan sulusin sakan. Koma gajeren bugu: sifikato, ko sitakato idan kana son ɗan nauyi.

Sai maganar keken ɗinki, wadda abu biyu ke kawowa. Laburare mai kyau yana naɗar nota ɗaya sau da yawa, ya riƙa juya su bi da bi don kada kunne ya ji abu guda yana maimaituwa. Duba fuskar kayan ka tabbata wannan juyin a kunne yake, kuma adadinsa bai sauka zuwa ɗaya ba. Abu na biyu shi ne ƙarfin dannawa. A yawancin laburare, gajerun bugu ƙarfin dannawa suke bi, daga 1 zuwa 127, shi kuwa CC1, wato wilin da ke gefen madannai, ƙarfin dogayen notoci yake ɗagawa da saukewa. Afejiyeta yakan ba duk notocin ƙarfi guda, sai ya zama mataki ɗaya na naɗin ake ta bugawa. Gwada wannan a taku 16: na 1, 4, 7, 9, 12 da 15 ka ba su wajen 100, sauran ka bar su tsakanin 60 da 75. Rabon uku-uku-biyu ke nan, nan take za ka ji kiɗan ya samu kafaɗa. Kada ka zauna sama da 115 sai a ƙololuwa, saboda can ne karcin bakan gogewa yake fitowa, yana kuma gajiyar da kunne.

Hajiya_MIDI:
Malam Mai_Kunne, matsalarka ta uku ba ta da alaƙa da ingancin laburare. Afejiyeta bai san bambancin nota ta kiɗa da maɓallin sauya salo ba. Waɗannan maɓallan suna can ƙasan madannai, kuma in ka danna ɗaya yayin da afejiyeta ke gaba, ɗaukarsa zai yi a matsayin wani ɓangare na kod. Takun da ya faɗa kansa shiru za ka ji, salon kuma ya juye. Haka ma in ka sa shi ya sauka oktaf biyu ko uku, da ƙafarsa zai taka maɓallan. Magani: layi ɗaya na manhajar haɗa kiɗa, salo ɗaya. Ɗora sifikato shi kaɗai a layinsa.

Sannan kowane kaya yana da iyakarsa, kuma ba a naɗi abin da ya wuce ta ba. Biyolin ba ya sauka ƙasa da nota mai lamba 55 a MIDI (tsarin da kwamfuta ke ƙidayar notoci da shi), biyola 48, celo 36. Ina ba ka lamba ne don sunayen suna ruɗarwa: nota ta 60 manhajojin haɗa kiɗa na Ableton da Cubase suna kiranta C3, FL Studio kuma C5. Duk notar da afejiyeta ya jefa ƙasa da 55 a kan biyolin ta ɓata.

Shawarata, kada ka bar afejiyeta a kunne har ƙarshen aiki. Ka nemi tsarin da shi, sannan ka mayar da abin da ya fitar notoci na gaske. A Ableton buɗe sabon layin MIDI, ka sa ya karɓa daga layin farko ta Post FX, ka naɗa. A FL Studio Alt+A a cikin allon notoci yana rubuta su kai tsaye. Daga nan sai ka raba aikin yadda makaɗa za su iya: celo ya riƙe tushen kod a kan 1/8, biyola tsakiya, biyolin sama. Tsallen oktaf biyu a kowane milisakan 125, da kwamfuta ke yi ba gumi, hannun mutum ba zai jure shi ba, kuma mai sauraro yana ganewa ko da bai san dalili ba. Ka cire nota ɗaya ko biyu a ƙarshen kowane zagaye na huɗu ma, jimlar ta numfasa.

Mai_Kunne:
Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara sani. Na raba layukan, notocin duk sun dawo. Saura makarar, kuma da na ƙara sauran kayan gogen sai sauti ya fara tsattsagewa.

Injiniya_Sauti:
Makarar tana cikin samfurin kansa, wato sautin da aka naɗa. Masu naɗi suna barin ɗan sautin taɓawar baka kafin ainihin bugun, don in an yanke shi kiɗan ya mutu. Kada ka ja notoci baya da hannu, za ka lalata jerin. Yi amfani da jinkirin layi, ka ba shi lamba mai ragi. Fara da milisakan -30, ka kunna ƙwanƙwasar awo, ka riƙa matsawa goma-goma har bugun ya hau kanta daidai. Wasu laburare sai wajen -60. Kowane salo da nasa adadin, wani dalilin ke nan na raba su layi-layi kamar yadda Hajiya ta ce.

Tsattsagewar kuwa lissafi ne. Notoci 8 ke fita a sakan ɗaya, in wutsiyar amsa-kuwwar ɗakin da ke cikin samfurin ta kai sakan 2, muryoyi 16 ke raye a lokaci guda. Makirfo uku a buɗe, 48. Rukunin goge biyar, 240. Rufe makirfon nesa yayin rubutu, ka bar guda. Ɗaga bafa, wato yawan sautin da kwamfuta ke tarawa kafin ta fitar, zuwa 512 ko 1024 in ba bugawa kake da hannu ba. Laburaren ya zauna a kan SSD, tunda Kontakt farkon kowane samfuri kawai yake ajiyewa a RAM, ragowar daga faifai yake janyowa. Duba kuma iyakar muryoyi da ke saman kayan: in ta yi ƙasa, tsofaffin notoci ake yankewa don sababbi su shigo. Layin da ka gama da shi ka daskarar, wato ka mayar da shi sautin da aka naɗa don kwamfuta ta huta.

Baba_Celo:
Ƙari ɗaya, domin na san wani zai ce maka ka danna maɓallin da ke warwatsa lokaci da ƙarfi don kiɗan ya yi kama da na mutum. Ka yi hattara da shi. Makaɗi ba ya ƙara ƙarfi da ka, yana jaddada inda jimla ta nufa ne, kuma jan baka na ƙasa yakan fi na sama nauyi. Warwatsawar inji tana iya ɗora 105 a kan taku mara muhimmanci ta rushe rabon da Injiniya ya ba ka. In za ka yi, kada ta wuce 5 sama ko ƙasa a ƙarfi, lokaci kuma milisakan 5 zuwa 8, tunda naɗin rukuni guda ne na makaɗa da yawa, ɗan saɓanin yana ciki tun asali. Abin da ya fi amfani shi ne ka zaɓi notocin zagaye takwas gaba ɗaya, ka karkata ƙarfinsu ya tashi daga wajen 65 zuwa 105 ba tare da ka taɓa tazarar da ke tsakanin masu nauyi da marasa nauyi ba. In kuma biyolin na ɗaya da na biyu daga samfuri guda laburaren ya ciro su, kada ka ba su nota ɗaya a lokaci ɗaya, sautin zai shaƙe. Raba su da oktaf ko tazarar uku.