Rina cips ɗin foka a gida ba tare da kashe kuɗi sosai ba

Abin da na tsinta a wata hira da aka yi kan rina cips (ƴan faya-fayan da ake amfani da su a madadin kuɗi a wasan karta na foka), kusan kowa ya yarda farare suka fi shan rini, mai duhu ba ya komawa haske ko me ka yi. A ɓare sitika, a wanke da sabulu sosai don maiƙon hannu yana sa kalar ta fito dabbare-dabbare. Na roba kuma wani rini mai suna Rit DyeMore aka fi ambata, ruwa da zafi amma kar ya tafasa, in ba haka ba sai ka ga cip ya lanƙwashe ya ƙi zama kan ɗan'uwansa, abin takaici wallahi. Wasu na zuba asiton (sinadarin da ake goge jan farce da shi) a ruwan rinin, ni dai ban so, yana cin roba. Gwada ɗaya tukuna, a tsohuwar tukunya, da safar hannu.